Abokin Tafiya a Kan Kogin Nilu: Wa Za Ka Yarda Ya Zauna Kusa da Kai a Kwale-kwale?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun da muka dawo daga Yuganda, kuma zan kawo labarin dalla-dalla domin kada a yanke hukunci da rabin magana.

Mu takwas ne muka yi tafiyar, dukkanmu tsofaffin ɗaliban Jami'ar Musulunci da ke Mbale, kuma mun shafe wata goma muna tara kuɗi domin mu koma mu gaishe da malamanmu, mu kuma ga wuraren da ƙarancin guzuri ya hana mu gani a zamanin karatu. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar. Cikin abin da muka tsara har da yini guda a Jinja, garin da Kogin Nilu yake fitowa daga Tafkin Biktoriya, kimanin kilomita 80 gabas da Kampala, inda ake shiga kwale-kwalen roba a gangara ta wuraren da ruwa ke karo da duwatsu yana tafasa har ya koma fari fat kamar an kaɗa nono. Masu wannan sana'a sun kasa ƙarfin irin waɗannan magangaru zuwa mataki 6. Ana kai baƙi har mataki na 5, amma na 6 ba a shiga da kowa, shi ya sa da muka iso magangarar Itanda, wadda ke mataki na 6, sai da muka fito muka bi gaɓa a ƙasa, aka zagaya da kwale-kwalen, sannan muka sake shiga daga can ƙasa.

Tun da safe an ba kowa rigar kariya da hular kwano da filafili. Jagoranmu ya tsayar da mu a ruwa mai kwanciya ya koya mana abin da za mu yi idan ya ce a tuƙa gaba, ko a tuƙa baya, ko a durƙusa a riƙe igiyar da ta kewaye kwale-kwalen. Ya ce duk wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, kada ya yi yunƙurin tsayawa domin ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu. Sannan ya tambaya ko akwai wanda bai iya ruwa ba. Babu wanda ya ɗaga hannu.

A ƙasan Itanda kwale-kwalenmu ya kife. Na fito sama na shaƙi iska sau ɗaya ke nan, sai na ji an shaƙo wuyana ta baya da hannu biyu, an danna ni ƙasa. Aminina ne, wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi shekara biyu a makaranta, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Ashe bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Na sha ruwa har na fara ganin duhu kafin ɗaya daga cikin masu ceto, waɗanda ke bin mu a ƙananan jirage na mutum ɗaya da ake kira kayak, ya iso ya raba mu. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni, amma daga nan har muka sauka a Kano bai ƙara haɗa ido da ni ba.

Yanzu muna shirin zuwa Kogin Zambezi baɗi idan Allah ya kai mu, kuma mutum uku sun ce mini idan da shi to babu su. Shin in cire sunansa, ko in bar ayarin ya watse?

Ɗan Yauri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, da farko ina yi maka barka da arziki, domin abin da ka kwatanta na gan shi da idona fiye da sau ɗaya, kuma ba kowane lokaci ake ƙarewa da barka ba. Ni a bakin Kogin Neja aka haife ni, cikin Sarkawa na tashi, kuma abu na farko da suke koya wa yaro shi ne kada ya tunkari mai nutsewa ta gaba. Wanda ruwa ya firgita ba ya gane uwarsa, balle amininsa. Duk abin da hannunsa ya taɓa zai hau kansa ne, ko gungume ko mutum. Saboda haka shaƙar da ya yi maka ba na ɗora masa laifinta, domin a wannan lokaci ba ya cikin hankalinsa.

Inda nake ganin laifinsa shi ne shirun da ya yi da safe. An tambaye shi a sarari, a lokacin da ƙafarsa ke kan tudu kuma hankalinsa na jikinsa, ya zaɓi ya ɓoye. Da ya faɗa, da jagoran ya zaunar da shi kusa da shi, da masu ceto sun sa masa ido tun kafin a kife. A wajenmu wanda ya shiga jirgi ya ɓoye wa matuƙi cewa bai iya ruwa ba ya ci amanar duk wanda ke cikin jirgin, domin matuƙi yana lissafin wanda zai fara kaiwa hannu ne tun kafin a bar gaɓa. Ni dai ba zan zauna gefe ɗaya da irin wannan mutum a kan ruwa karo na biyu ba, ko da kuwa ɗan cikina ne, sai na ga abin da ya canza.

Maman Yusra:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarka, amma ina da tambaya ga Abban Khadija kafin in yarda da sauran. Ni ma na yi wannan tafiya ta Jinja tare da abokan aikina, mata huɗu da maza biyar, kuma ban iya ruwa ba har yau. Abin da ya bambanta tawa da taku shi ne, tun muna gida shugabar tafiyarmu ta kira kowa shi kaɗai ta tambaye shi, ta kuma gaya mana cewa akwai wani kwale-kwale babba da ke bin ayari, wanda ma'aikaci ɗaya ke tuƙawa da dogayen filafilai biyu yana bin gefen da ruwa ya fi sauƙi, kuma duk wanda ya ga ba zai iya ba a can zai zauna ba tare da an ce masa komai ba. A cikinsa na fara. Da na ga sau biyu an kife kuma kowa ya taso sama kamar gora saboda rigar kariya, sai zuciyata ta kwanta, na koma cikin 'yan'uwana bayan an ci abarba da rana, kuma da muka kife na riƙe igiya na ƙirga a raina kamar yadda aka koya mana har aka jawo ni ta kafaɗun rigar.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, a irin wannan ruwa iya iyo ba shi ne ke ceton mutum ba, domin ko gwanin ninƙaya ba ya iya ja da Nilu a tsakiyar magangara. Rigar ce ke ɗago mutum, natsuwa kuma ita ke hana shi cutar da kansa da na kusa da shi. Natsuwar nan kuwa ba ta samuwa ga wanda ya shiga yana ɓoye tsoro.

To, Malam, kai da ka tsara tafiyar, ka taɓa tambayarsa ku biyu kafin a biya kuɗi? Kuma wace irin hira kuka yi a daren da za ku shiga ruwa? Ina tambaya ne domin na san halin maza idan sun taru, kuma na san cewa namiji Bahaushe ya gwammace abubuwa da yawa a kan ya ɗaga hannu a gaban abokansa da baƙin Turawa ya ce shi ne bai iya ba.

Abban Khadija:
Hajiya, tambayarki ta taɓa inda nake gudun a taɓa, amma tunda gaskiya na zo nema zan faɗa. Ban tambaye shi ba, kuma ban tambayi kowa ba. Na ɗauka duk wanda ya biya kuɗinsa ya san abin da ya saya. Kuɗin kuma mun biya tun muna Kampala, aka ce mana ba a mayarwa. A daren, muna zaune a masauki muna cin abinci, shi wannan aminin nawa ya ce yana tunanin ko ya tsaya a gari ya je ya ga wurin da kogin ke fitowa daga tafki da sabuwar gadar da aka buɗe a 2018, ya jira mu. Sai wani daga cikinmu ya ce duk wanda ya tsaya a tudu gobe, to idan an koma gida a saya masa zane. Aka yi dariya, ni ma na yi, shi ma ya yi. Daga nan bai sake tayar da maganar ba. Maganar kwale-kwalen da ke bin gefe kuwa an faɗa mana ita da safe, amma a lokacin an riga an yi waccan dariyar.

Malam Na Zariya:
Bismillahi. Abban Khadija, Allah ya saka maka da alheri da ka fito da wannan, domin ya sauya fuskar mas'alar baki ɗaya. Wasu sun tuntuɓe ni a gefe suna tambaya ko shiga irin wannan ruwa ma ya halatta, suna kafa hujja da aya ta 195 a Suratul Baƙara wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Abin da nake gani shi ne hukuncin yana bin rinjayen zato. Idan akwai ƙwararrun jagorori, da kayan kariya, da masu ceto, kuma abin da aka saba gani shi ne a fita lafiya, to ba a kiransa jefa kai cikin halaka. Amma mutumin da ya san a ransa cewa zai firgice, ko yana da wata lalura, hukuncinsa daban ne, kuma wanda ya tura shi da gori yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Abu Dawud ya ruwaito cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Mutane suna ɗaukar shugabancin nan a matsayin sayen tikiti da kama masauki, alhali nauyinsa ya fi haka. Dubi liman, an umurce shi ya sassauta salla saboda a bayansa akwai mai rauni da mara lafiya da mai uzuri. Idan an ce a duba mai rauni a cikin salla, ina ga tafiyar da rai ke cikinta? Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan, shi ya sa ake ce wa madugu uban tafiya. Shi ke sanin wanda ƙafarsa ta kumbura da wanda jakinsa ya gaji, kuma da su yake auna nisan zango. A daren nan kai ne madugu, kuma a lokacin da aka yi maganar zane, kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta buɗe wa amininka ƙofar fita da mutuncinsa. Ba ina faɗa ba ne domin in ƙara maka nauyi a zuciya, ina faɗa ne domin idan za a cire suna saboda abin da ya faru a Itanda, to sunayen da suka shiga cikin lamarin sun fi ɗaya.

Baban Hanif:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, sai dai ina tsoron kada rabon laifi ya ɗauke hankalinmu daga tambayar da aka yi, wadda ta shafi tafiya mai zuwa. Na yi aiki a Zambiya kuma na shiga Zambezi daga garin Livingstone, don haka bari in faɗa wa Abban Khadija abin da ke gabansa.

Nilu a Jinja kogi ne mai faɗi da zurfi, ruwansa da ɗumi, kuma tsakanin magangara da magangara akwai dogon wuri mai kwanciya inda ake tattara waɗanda suka faɗa a huta. Madatsun ruwa ma sun rage masa kaifi, domin ta Owen Falls da aka gama a 1954 ta shanye magangarar Ripon, ta Bujagali a 2012 ta shanye magangarun farko da ake fara wasan da su a da, sannan ta Isimba a 2019 ta sake cin wasu daga ƙasa. Zambezi kuwa a ƙasan babbar mafaɗar ruwa ta Biktoriya, wadda mutanen wurin ke kira Mosi-oa-Tunya, yana gudu ne a cikin kwazazzabon Batoka, tsakanin bangayen baƙin dutse biyu, Zambiya a hannu ɗaya Zimbabuwe a ɗaya. Magangarun suna da lamba, ɗaya na bin ɗaya, kuma ta 9 fita ake yi a zagaye ta a ƙasa. Sauka cikin kwazazzabon da safe aiki ne, fita daga cikinsa da yamma kuwa, bayan hannu ya mutu da tuƙi, hawa ne mai tsayi a tsaye wanda na ga ƙarti suna zama suna haki a tsakiyarsa. Wanda ya shiga ya ga ba zai iya ba, babu titi a gefen kogi da zai tsaya ya hau mota.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Zambezi ba wurin gyara zumunci ba ne. Kada a sa mutum a kwale-kwale domin a nuna masa an yafe masa. A tafi da shi Livingstone, ya ga mafaɗar ruwan, ya taka gadar da aka gina a 1905, a ci abinci tare da dare, amma ranar shiga kwazazzabo ya tsaya a sama. Tafiya ɗaya ce, amma ba dole ne kowa ya yi komai a cikinta ba, kuma da kun tsara ta Yuganda a kan haka da ba mu zo nan ba.

Likita Hadiza:
Ina goyon bayan Baban Hanif, kuma ina so in faɗaɗa tambayar da Maman Yusra ta yi, domin iya ruwa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da mutane ke ɓoye wa abokan tafiya. Takardar da ake ba ku ku sa hannu kafin a shiga ruwa tana tambaya a kan ciwon zuciya, da asma, da farfaɗiya, da juna biyu, kuma na san yawancin mutane suna sa hannu ne ba tare da sun karanta ba saboda mota na jira. Mai asma da ya bar abin shaƙarsa a masauki, ko mai ciwon suga da ya sha magani bai karya ba sannan ya yini yana tuƙi a rana, haɗarinsa bai gaza na wanda bai iya iyo ba. Ba sai an tona asirin kowa a gaban jama'a ba, amma lallai mutum ɗaya a ayari ya san lalurar kowa da inda maganinsa yake.

Kuma ku takwas ɗin nan da kuka shiga ruwan Nilu, ina ba ku shawara ku je a gwada ku saboda tsargiya, domin ana samunta a yankin Tafkin Biktoriya, kuma tana iya ɗaukar makonni ko watanni kafin ta nuna alama. Ku gaya wa likita cewa kun shiga ruwa a can. Shi ma aminin naku a sanar da shi, domin shi ma ya shiga ruwan.

Sadauki:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma bai dace in ci gaba da shiru ba, domin ina cikin mutum ukun da suka ce idan da shi babu su, kuma ni ne na yi maganar zane a daren. Na faɗe ta da wasa, irin wanda muka saba yi tun muna makaranta, ban san tana da nauyin da ta yi ba sai da na karanta bayanin Malam. Na ɗauki wannan laifi, kuma zan nemi gafararsa da bakina.

Amma ina roƙon a fahimci abin da na gani. Ina riƙe da igiyar kwale-kwalen da ya kife, tsakanina da su bai fi taku biyar ba, ina kallon hular Abban Khadija tana nutsewa tana tasowa, hannunsa ɗaya a sama yana kaɗawa, kuma ruwa ya hana ni isa gare su. A wannan lokaci abin da ya zo mini shi ne da wane baki zan je in gaya wa Maman Khadija. Har yau idan na kwanta ina ganin hannun nan. Ba ƙiyayya ce ta sa na ce ba zan sake shiga ruwa da shi ba. A kwale-kwale mutum bakwai ko takwas ne ke tuƙi, kuma idan gefe ɗaya ya daina tuƙi a bakin magangara sai kwale-kwalen ya juya ya shiga da gefe, daga nan sai kifewa. Tun kafin mu kife na lura ya saki filafilinsa ya rungume igiya da hannu biyu alhali jagora yana ta kiran a tuƙa gaba. Ban ce shi ya kifar da mu ba, domin na bayanmu ma sun kife a wurin, amma na san gefenmu bai ba da ƙarfin da ya kamata ba.

Ɗan Yauri:
Sadauki, ka yi abin da manya ke yi, Allah ya yi maka albarka. Ni ma bayan na ji zancen daren nan na sassauta a kan yaron, ko da yake ban janye cewa shirunsa kuskure ne ba.

Akwai abin da ya faru a ƙasarmu da nake so ku riƙe. Baturen nan Mungo Park, da ya biyo Neja da jirginsa, a Yauri ya rabu da jagoransa kuma tafintansa Amadu Fatuma, domin a nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Bai yi nisa ba ya isa magangarun Busa, inda jirginsa ya maƙale a duwatsu kuma ya rasa ransa a 1806. Yau wurin yana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. Mutumin da ya ratso kogin tun daga ƙasar Mali, inda ya rasa wanda ya san mutane da harshensu nan tafiyarsa ta ƙare. Don haka idan kun je Zambezi, duk iliminku da digirorinku ku ajiye su a masauki, ku bi maganar yaron da ke zaune a bayan kwale-kwale ko da bai kai ƙanenku ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai a duk hirar nan shi ne rigar kariyar da ta ɗago ku. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawa a kusa da Wara a nan Jihar Kebbi, 'yan kasuwa da mata da yara, a ruwan da ba shi da ko magangara ɗaya. Ku da kuka ga aikin rigar nan da jikinku, idan kun zo ƙetare kogi a gida ku tambaye ta, kuma ku sa wa 'ya'yanku.

Maman Yusra:
Baba, wannan gaskiya ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai akwai abu ɗaya da har yanzu ban ji an yi ba. Mun yi kwana biyu muna yanke wa bawan Allah nan inda zai tsaya da inda zai zauna, har Baban Hanif ya ajiye shi a saman kwazazzabo, amma babu wanda ya ji ta bakinsa. A Jinja an yanke masa cewa zai shiga ba tare da an tambaye shi ba, yanzu kuma ana shirin yanke masa cewa ba zai shiga ba, nan ma ba tare da an tambaye shi ba. Malam Abban Khadija, mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya shekara biyu ai ya wuce a aika masa saƙo. Ka taka ka je gidansa.

Baban Hanif:
Hajiya, na karɓi gyara a kan a ji ta bakinsa. Amma ko ya ce zai shiga, sauran mutum bakwai suna da haƙƙin su ce sai sun ga alama, domin rayukansu ne a gefensa.

Abban Khadija:
'Yan'uwa, na gode ƙwarai, kuma na bi shawarar Hajiya. Jiya bayan la'asar na je gidansa, muka zauna a zaure har aka kira magariba. Ni na fara ba shi haƙuri a kan dariyar da na yi da kuma rashin tambayarsa tun farko. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce abin da ya hana shi kallona tun daga ranar shi ne yana tuna yadda wuyana yake a hannunsa, kuma ya san yana danna ni amma ya kasa saki. Ya ce da jagoran ya yi tambayar da safe hannunsa ya fara ɗagawa, sai ya dubi fuskokinmu ya mayar da shi.

Abin da ban sani ba shi ne, mako uku bayan dawowarmu ya je ya yi rajista a wani wurin koyon ninƙaya a nan Kano, yana zuwa duk Asabar da Lahadi da sassafe, bai gaya wa kowa ba har iyalinsa. Ya ce yanzu yana iya kwanciya rigingine a kan ruwa ya daɗe, kuma yana iya ƙetare wurin sau biyu ba tare da ya tsaya ba. Ya roƙe ni kada in cire sunansa, kuma kada in yi masa alkawarin kujera a kwale-kwale. Yana so ya je Livingstone, ya tsaya a kan gada ya leƙa ruwan da idonsa, sannan ya faɗa mana da bakinsa ko zai shiga ko ba zai shiga ba, kuma duk wanda ya zaɓa kada a yi masa magana a kai. Na gaya masa batun gwajin tsargiya, ya ce zai je ranar Litinin.

Na kuma yanke cewa a wannan karon kuɗin shiga ruwa daban za a ajiye shi, ba za a haɗa shi da na jirgi da masauki ba, kuma ba za a biya ba sai mun isa, domin kada tsoron asarar kuɗi ya sake tura kowa. Zan kira kowa shi kaɗai kamar yadda shugabar su Hajiya ta yi.

Sadauki:
Na kira shi da daren nan mun yi magana, kuma ya yafe mini. Na gaya masa gaskiya cewa ƙetare ruwan wanka mai kwanciya daban yake da faɗawa cikin magangara, kuma ban janye sharaɗina ba tukuna. Mun yi da shi cewa ranar Asabar zan bi shi wurin koyon, mu sa rigar kariya mu biyu, in riƙa tura shi cikin ruwa ba tare da ya shirya ba har in ga yadda yake tasowa da abin da hannunsa ke fara nema. Sauran mutum biyun sun ce za su jira abin da zan gaya musu.

Baban Hanif, muna so mu nemi hutu a wuraren aikinmu tun yanzu. Wane wata ne ya fi dacewa?

Baban Hanif:
Lokacin da ruwa ya ja baya ake samun cikakkiyar tafiya tun daga magangara ta farko, wato daga wajen Agusta zuwa Disamba, amma a nan ne kuma magangarun suka fi kaifi. Idan ruwa ya cika bayan damina ana tsallake na farkon a fara daga ƙasa, wani lokaci ma a dakatar da shiga gaba ɗaya. Oktoba akwai zafi mai tsanani a cikin kwazazzabon, kuma da shi za ku hau dutsen fita. Ni da zan zaɓa muku, ku nemi hutun a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ku kuma ware kwana biyu a Livingstone kafin ranar shiga ruwa domin ya samu lokacin da ya roƙa na tsayawa a kan gada.